Kiran Gaɓa, Taken da Ba a Saukewa

Ƙamshin ƙaron maje a kan garwashi ba ya kama da na kowane turare. Yakan fara da ɗan ɗaci, kamar ɓawon itacen da ruwa ya daka, sannan ya yi laushi ya kwanta a maƙogwaro. Ko yau in na bi ta layin masu turare a kasuwar Maraɗi iska ta kaɗo mini shi, sai ƙafata ta tsaya da kanta. In ga kaina a rumfar Kaka Hansai a Madarunfa, ina ƴar yarinya, na cusa gwiwoyina cikin zane saboda sauro.

Gidanmu yana gefen garin da ke kallon tabki. In malka ta kankama, kwaɗi ne ke karɓe gari tun daga magariba, sauro kuma ya fito karɓar nasa rabon. Shi ya sa Kaka, wadda ta haifi babanmu, ba ta barin wutar rumfarta ta mutu bayan an ci tuwo. Takan ɗora ɗanyen ganyen bedi, wato dogon yaro, don hayaƙi, ta jera sabuwar masara a gefen murhu, mu kewaye ta, ni da ƙanena Habu da duk ɗan maƙwabcin da uwarsa ba ta kira shi ba tukuna. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take ce mini. Habu kuwa angonta ne, kullum cikin ƙorafi take wai bai kawo cefane ba. In hira ta ƙare ta kore mu, sai ta ɗauki sakaina ta ja toka a kan garwashi, tana wani ɗan guntun amo da hanci, gajere, mai gangarowa ƙasa kamar mutum yana sauka daga kan jaki. Mu yara waƙar toka muke ce masa. Ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, kamar yadda ba a lura da ƙarar ƙyauren da aka saba ji.

Tatsuniyoyinta ba su da iyaka, na kura mai kwaɗayi, na kurciyar da ta ari zoben sarki, na ƴan matan da suka je itace suka tarar da dodo. Duk waɗannan roƙa muke yi ta ba mu. Amma akwai ɗaya da ba a roƙo, sai ranar da ta ga dama. Alamarta ita ce ta jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin tabarma, ta fito da dunƙulen ƙaro wanda ya yi baƙi don tsufa, ta ɓantari ɗan mitsitsi da farce ta jefa a wuta. In ƙamshin ya tashi mun san yau labarin Kiran Gaɓa za mu ji, wani tsohon taken goge da kowa a ƙasarmu ya san farkonsa, ba wanda ya san ƙarshensa. Ni kuwa tun ina ƙarama ƙarshen nan nake nema.

Goge ba shi da farin jini a gidanmu. Baba direban kamyo ne, wato babbar mota, yana ɗaukar kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya ta hanyar Ɗan Issa, kuma mutum ne mai zuwa wa'azi. Wata rana taken nan ya fito a radiyo muna cin abincin rana, Baba ya miƙa hannu ya murɗe ta.

"Kiɗan ƴan bori da gidajen giya," in ji shi. "Ba a gidana ba."

Baba ɗan farin Kaka ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye in da mutane, sai dai ta aika maganar ta bakin wani ko ta jefa ta sama. Ran nan garu ta kalla.

"Ku gaya ma mai kamyo," ta ce, "ruwan da anka yi alwala da shi, da irinshi anka dama giya. A je a kama ruwa a ɗaure."

Baba ya sunkuyar da kai yana cin tuwonsa. Radiyon dai ba a sake kunna ta ba.

Daren da na fi tunawa, tun la'asar aka tsuge da ruwa, bai tsagaita ba sai bayan isha. Labari ya zo ta bakin wani mai moto, wato babur, cewa ruwa ya cinye hanya a wani wuri gaba da Ɗan Issa, motoci sun yi cirko-cirko, wata ma ta kife. A lokacin salula, wato wayar hannu, ba ta shigo gidanmu ba. Inna, mahaifiyarmu, ta kasa zama. Ta je zaure ta leƙa, ta dawo ta gyara tulun da ba abin da ya same shi, ta sake komawa zaure. Kaka kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Kaka, Baba bai dawo ba," in ji Habu.

"Wa ya aike ka ƙirga mani mutane? Juya masararka, angona, ta ƙone. Mijin da ba shi iya gashin masara, ina shi ina riƙon tsohuwa?"

Muka yi dariya, har Inna ta ɗan murmusa daga bakin rumfa. Sai Kaka ta jawo gwangwani. Ƙaro ya yi tsit a kan garwashi, hayaƙinsa ya miƙe siriri.

"Ga wata nan tafe," ta ce, "ruwa ya daka ta. Ku matsa mata."

"Ta shigo ta sha wuta!" muka amsa.

Ta ce a zamanin da ba a san gada ba, akwai wani ƙauye a bakin gulbi, gonakinsu na fadama suna tsallake. Da rani gulbin yashi ne zalla, yara na wasa a cikinsa. Da damina kuwa ba shi da amana. Ko ba a yi ɗigo ɗaya a nan ba, in an yi ruwa can wajen Katsina, sai ya taho da rugugi ya raba mutane da gidajensu. Manoma su tafi da safe ƙafarsu a bushe, su dawo da yamma su tarar da ruwa ya kai wuya. A kan gora ake tsallakewa. Mutum ya ɗaura tufafinsa a ka, ya rungume babban gora a ƙirji, ya yi ta bugun ruwa da ƙafa. Da rana wannan ba komai ba ne. Amma in duhu ya rufe, ba ka ganin mashigi, wato wurin da gaɓa ta kwanta ake iya fita. In ka wuce shi ruwa ya kai ka inda gaɓa ta yi tsaye kamar garu, ga saiwoyi suna jiran ƙafa. An gwada hura wuta a bakin mashigi, ruwan sama ya kashe ta. An gwada kira da baki, muryoyi suka dushe, rugugin gulbi ya haɗiye su.

A ƙauyen akwai wani mai goge, Nomau, wanda gonarsa ba ta fi a shimfiɗa tabarma ba. Kiɗan biki yake yi a ba shi damin gero. Shi ya gane cewa muryar goge, don sirantarta, tana ratsa ƙarar ruwa kamar allura a cikin zane. Sai ya riƙa zama a gindin wata tsamiya da ke bakin mashigi, a rufa masa tabarma a ka don kada fatar gogen ta jiƙe, ƴarsa ƙarama tana gefe tana kaɗa masa ƙwarya. Wanda ke cikin ruwa ba ya ganin komai, kunnensa kawai yake bi har ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

A nan Kaka takan miƙa hannun hagu, ta ɗora yatsan dama a kai tana gogawa kamar bakan goge, ta yi mana taken da hanci. Yakan tashi a hankali, ya hau, ya hau, ya tsaya can sama yana rawa kamar wanda ya ɗaga hannu yana yafuto wani daga nesa, sannan ya koma farko. Idanunta a rufe. Inuwarta a jikin zana tana lilo. Ni kam ji nake kamar ruwan ya iso har gindin rumfa, masarata ta huce a hannu ban sani ba.

"Taken yana da sauka," ta ce, "amma ba a yin ta da mutum cikin ruwa. Ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, ko da za a kai asuba. Sai mai unguwa ya duba ya ce kowa ya fito, sannan Nomau shi sauke. Matan da ke cikin gari, da sun ji sauka, ba su bukatar ɗan aike. Kowace ta rufe wutarta ta kwanta."

Sai wata shekara gulbi ya zo da fushin da ba a taɓa gani ba. Cikin waɗanda ruwa ya tsare a tsallake har da Tanko, babban ɗan Nomau, saurayi mai ƙarfi wanda ya iya ruwa kamar kifi. Goran wani tsoho ya tsage tun ba a yi nisa ba, Tanko ya tura masa nasa ya ce ai shi hannuwansa sun ishe shi. Tsohon ya fito. Mutane suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna rawar ɗari, ana rufa musu zane. Tanko shiru. Nomau ya ci gaba da kiɗa. In baka ya daina kama tsirkiya ya shafa masa ƙaro ya ci gaba. Izgar dokin da aka yi tsirkiyar da ita ta riƙa tsinkewa sili-sili, muryar gogen tana ƙara sirancewa. Yarinyar tana kaɗa ƙwarya har yatsunta suka kumbura. Da gari ya waye dattawa suka durƙusa gabansa suka ce, Nomau, ka yi haƙuri, ka sauke, abin da Allah ya rubuta ya auku. Ya dube su ya ce, "Da saura a ruwa."

Daga ranar bai sake yin saukar a goge ba. Ya ci gaba da zama gindin tsamiya kowace damina, ya fitar da mutane ba adadi, amma in kowa ya fito sai ya zarce cikin wani taken daban, ko ya ɗaga baka kawai ya yi shiru. Yaran da suka koyi kiɗa a wurinsa haka suka ɗauka. Su ma haka suka koyar.

"Kaka," na ce, "to yaya saukar take?"

"Takwara, goge kika gani gare ni?"

"Ki yi da hanci mana, kamar ɗazu."

"Hancin nawa na haya ne? Mi kika biya?"

"To ki rufe tatsuniyar," in ji Habu, yana hamma. "Ba ki faɗi abin da ake faɗi a ƙarshe ba."

"Wagga ba ta da marufi, angona. Buɗe take kwana."

Ta ƙara itace a wuta, abin da ba ta saba yi ba in an gama tatsuniya. Ba ta kore mu ba. Muka zauna muna jin kwaɗi da ɗigar ruwa daga bakin rumfa. Habu ya kwanta a cinyarta. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san idona ya fara nauyi sa'ad da wani gunji ya taso daga can bakin hanya, haske ya share saman garu. Inna ta zabura har takalminta ɗaya ya cire. Baba ya yi sallama, laka har gwiwa, ya tsaya a bakin zaure yana fama da takalminsa kamar an ɗinke masa shi a ƙafa.

Kaka ba ta dubi wajen ba.

"Ku tashi ku ba ni wuri, kun cinye mani masara," ta ce. Ta ɗauki sakaina ta ja toka, tana ɗan amonta na kullum. Na tafi na kwanta ina jin haushi, yau ma ta hana ni saukar.

Da na girma na tafi lise, wato sakandare, a Maraɗi, daga nan jami'a, sai na tarar taken ya riga ni zuwa ko'ina. Masu tafiya cin rani sun daɗe da kai shi Katsina da gaba da nan, ya dawo da sababbin sunaye. Na ji shi a gidan biki ana liƙa wa amarya kuɗi. Na ji shi a tsohon kaset na wani mai shayi a bakin tasha. Na ji samari sun ɗora masa fiyano da ganga a salula, ƴan mata suna rawa, ba wanda ya san an taɓa bin sa a cikin duhu da gora a ƙirji. Kuma ko'ina halinsa ɗaya. Ya hau can sama ya yi yafuto, ya juya, ya juya, sai makaɗi ya sulale cikin wani kiɗan kamar mai fita daga ɗaki ba sallama.

Kaka ta rasu ina jami'a. Na zo na tarar an riga an kai ta. Bayan kwanakin zaman makoki na ɗaga tabarmarta na ga gwangwanin, ƙaron ciki bai fi ƙwayar gyaɗa ba. A nan ne kukan da na riƙe ya ƙwace mini, don na tabbata ta san saukar, kuma ta tafi da ita. A hutun da ya biyo na shiga neman tsofaffin masu goge. Na sami ɗaya a Gabi, ya ce haka suka tarar, taken nan ba shi da wutsiya. Wani a wajen Safo ya yi mini wata sauka mai daɗi har na fara murna, da na tsare shi da ido sai ya fashe da dariya ya ce, "Ɗiyata, yanzun nan na ƙera maki ita, na ga kin sha hanya." Na dawo gida na ce wa kaina to, watakila darasin ke nan: akwai abubuwan da ba sa rufuwa, mutum ya koyi zama da su a buɗe. Na daɗe ina riƙe da wannan fassarar. Tana da kyau a rubuce, har waƙa na yi da ita. Amma ba ta taɓa sanyaya mini rai ba.

Daminar bara na koma gida wankan jego da ɗana na fari. Baba ya tsufa, ya bar tuƙi, yawancin yini yana kan buzu da carbi. Wata ranar Juma'a maigidana ya kira ya ce yana tafe daga Maraɗi a kan moto ya gan mu, sai hadari ya haɗo bayan ya taso. Muka idar da isha bai iso ba, salularsa kuma ba ta shiga. Ina rumfar Kaka, inda ake dafa mini ruwan wanka, jariri a kafaɗa yana ƙananan koke-koke. Na ga itacen ya cinye, na ɗauki sakaina in rufe garwashin. Ban ma san na fara waƙar toka ba, don lallashin yaron kawai, sai na ji muryar Baba daga bakin ɗakinsa.

"Dakata, Uwata." Haka yake kirana, tunda sunan mahaifiyarsa gare ni. "Mijinki bai iso ba."

Na juyo da sakaina a hannu. "Baba, wuta ce kawai zan rufe."

"Rufe wutarki in kina so. Wannan abin da kike yi da hanci nake faɗi. Ba a saukewa da mutum a hanya."

Na zauna a kan turmi.

"Ita ce saukar?"

"Ita ce mana. Ke da kika je har Gabi." Ya ja carbi ɗaya. "Nomau kakana ne. Tanko wan kakarki ne, ciki ɗaya. Ita ce mai ƙwaryar. Nomau ya rantse ba zai ƙara yin saukar a goge ba, amma da ya ga ƙarfi ya ƙare sai ya kira ta ya yi mata da baki, ya ba ta sauran ƙaronshi. Ya ce shi nashi lissafin bai cika ba, ita ta je ta riƙa cika nata."

"To don me ta hana ni? Sau nawa ina roƙonta!"

Baba ya yi ƴar dariya, irin wadda ban san yana da ita ba.

"Yaushe take ba ku labarin? Ki tuna."

Na tuna. Daren ruwan Ɗan Issa. Daren da aka tsare motoci a duwan, wato kwastan, har aka ce za a kwana. Daren da kamyo ya lalace a daji aka zo aka faɗa mana. Ban iya tuno dare ɗaya da ta jefa ƙaro a wuta Baba yana cikin gida ba. Uwa ce da kunyar ɗan fari ta hana ta tambayar ina ɗanta, ta hana ta zuwa zaure ta leƙa kamar yadda Inna ke yi. Sai ta zauna a bakin nata mashigin, ta tara jikoki, ta yi ta kira.

"Goge dai har gobe ba na son shi a gidana," in ji Baba. "Amma wannan ba goge ba ne. Duk shekarun da na yi ina tuƙi, ba ta taɓa buɗe baki ta ce mani sannu da zuwa ba. Kina tsammanin takalmina wuyar cirewa gare shi? Tsayawa nake in ji."

Na mayar da sakainar ƙasa, na ƙara itace. Muka zauna, ni da shi da jikansa, muna sauraren kwaɗi. Da fitilar moto ta haska garu, maigidana ya yi sallama yana tsiyayar ruwa yana ba da haƙuri, ban tashi nan take ba. Na ja toka a kan garwashi, na sauke, a hankali, har ƙasa. Baba bai ɗago ba, amma carbin ya tsaya a hannunsa sai da na gama.

Ashe abin da na yi ta bin ƙauyuka ina nema yana bakina tun ina yarinya. Duk daren da na roƙi Kaka saukar ta ce hancinta ba na haya ba ne, ba hana ni ta yi ba. Jira take ɗanta ya shigo. Da ya yi sallama sai ta ba ni ita cif, ina tsaye a gabanta, ina murza ido ina fushi.